Kofin Da Dogo Ya Bari

"Shekara uku, Auta! Shekara uku ina jiranki!"

Dogo ne tsaye a ƙofar kicin, jakar tafiya a kafaɗa, ledar sitiroberi a hannu. Ya samu aiki a wani gari mai nisa, ƙarfe huɗu motarsu za ta tashi. Amsa ɗaya ya zo nema: za ta aure shi ta bi shi, ko ya haƙura?

Auta ba ta ɗago ba. Feraye abarba take, tana ƙwaƙule idanunta da tsinin wuƙa.

"Rage murya don Allah... Baba yana ji."

"Ba Yayarki ta ce za ta ɗauke shi ba?"

"Yaya? Ranar da ta ba shi abinci sai da ya ƙware har idonsa ya kakkafe. Ba ta da haƙurin cokali."

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, abinci ya daina wuce masa, magana ma ta ɗauke. Sai markaɗaɗɗen kayan marmari, shi ma daga hannun Auta. Wani ya miƙo cokali, tsohon sai ya datse haƙora.

Ta karɓi ledar, ta wanke sitiroberin, ta zuba a bilenda da abarba da madara da ƙanƙara. Ƙarar injin ta rufe musu baki, ita kuwa daɗin hakan ta ji. Son Dogo take kamar ranta, wannan ko maƙiyi ya sani.

Ta tace na Baba saboda ƙananan 'ya'yan da ke maƙale masa. Ɗaya kofin ta tura gaban Dogo.

"Sha yanzu. Abarba da madara in suka jima, ɗaci suke yi."

"Ba zan sha ba sai kin ba ni amsa, masoyiyata. Tare za mu sha."

"Minti goma... na roƙe ka."

A ɗaki ta tallafo kan Baba. Cokali ɗaya, ta jira ya haɗiye, ta goge masa baki. Ranar nan kuwa kamar da gayya, kowane cokali sai ya daɗe a bakinsa. Ana rabin kofi ya kama wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya. Hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Ashe duk ya ji.

Leɓensa ya yi ta rawa kafin sautin ya fito, na farko cikin wata bakwai.

"Je... ki..."

Ta dubi ƙofa. Ta dubi rabin kofin, abincinsa kenan na wuni guda.

"Sai ka shanye, Babana," ta ce, ta sake ɗebo cokali.

Lokacin da ta fito, huɗu ta gota. Babu Dogo, babu jaka. Kofinsa na nan inda ta ajiye, ƙanƙarar ta narke, ruwa ya kwanta a ƙasa, kumfa a sama. Ta kai baki. Ɗaci ya gauraye mata harshe har maƙogwaro, amma ta shanye shi tas, tana kuka.

Ta ɗauko waya, ta lalubo lambarsa. Yatsanta na kan danna kira, tari ya taso daga ɗaki.

Ta kife wayar kusa da ɓawon abarba.

"Ga ni nan, Baba... ga ni nan."