Jan da Ya Makara

Tun da hantsi Sufeto Abdulmumini ke safa da marwa a wani ɗakin bincike da ke Talata Mafara, ya kasa zama. An buɗe firij an ɗauke 'yar kwalba ɗaya tak, ko kwamfuta ba a taɓa ba. Wane irin ɓarawo ne wannan?

"Dakta, mi ke cikin kwalbar?"

Dakta Mufida, shugabar ɗakin, ta share hawaye. "Ƙwayoyin bakteriya ne, Yallaɓai. Saƙo suke aika wa juna da sinadari. In ɗaya ta ji maganin ƙwari cikin ruwa sai ta sanar da saura, duk su koma ja. Da can nan take suke yi, kafin a iso da ruwa daga Maradun launin ya dushe. Shi ne na sa musu jinkiri, su ji saƙo su dakata. Jiya na gama, ban ko gaya wa kowa ba. Su ke nan gare ni, kuma zafi na kashe su."

Sufeto ya dubi rana ta taga, hankalinsa ya ƙara tashi.

Jatau mai gadi ya rantse har da dafa ƙirji bai ga kowa ba.

Sufeto ya ce, "Ko ƙofa ba ka bari ba? To mai shayi ya ce tare kuka karya."

Jatau ya sosa ƙeya. Ya ce yana dawowa ya hangi Ma'aruf, mataimakin Dakta, bisa babur ya nufi Bakura.

A gonar tumatir ɗin mahaifin Ma'aruf Sufeto da wani kurtun ɗan sanda suka iske shi, ya jingine tankin feshi, yana sanye da farin kaftani.

"Tun jiya ina nan, ranka shi daɗe. Jatau ido ya fara ba shi matsala."

Aka laluba aljihunsa, wayam. Sufeto ya ji kamar ya ciji yatsa, amma ya ce ya shiga mota, a ƙarasa magana gaban Dakta.

Suna tsaye a ɗakin Ma'aruf na ta zuba rantsuwa, sai Dakta ta ƙwala salati. Aljihun kaftanin ne ke rinewa a kan idon kowa, ja jawur. Ashe kwalbar ta ɗiga a ciki, Ma'aruf bai san da jinkirin ba, ya duba bai ga launi ba ya saki jiki, ga shi ya yi ta cusa hannu mai maganin feshi.

Ma'aruf ya zube ƙasa. "Maganin da Baba ke fesawa an hana shi, kuma magudanar ruwa yake gangarawa. Da an gwada ruwan nan, sunan gidanmu ya ɓaci. Kwalbar na juye ta cikin garwashi."

Dakta ta dafe bango. Can kuma ta zabura. "Yallaɓai, matattu ba su yin ja! Na aljihun nan suna raye. Don Allah ba ni rigar."

"Shaidar kotu ce, Dakta."

"Kafin a zauna kotu sun mutu."

Sufeto ya yi tsaki, ya kai ya komo, sannan ya ɗauki almakashi bisa tebur ya raba aljihun biyu da hannunsa, ya miƙa wa Dakta rabi.

Kurtu ya tasa Ma'aruf gaba da ankwa, daga shi sai singileti. Dakta ko kallonsa ba ta yi ba, ta ruga wajen firij da ƙyallen a tafin hannunta tana kuka.