Ledar Zoɓo da Gasar Rano

A wata makarantar firamare da ke Durba, akwai wata yarinya 'yar aji shida mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ita aka zaɓa ta wakilci makarantar a gasar kimiyya a Rano.

Malama Nuriyya ta miƙa mata littafi. Ta ce, "Bakteriya 'yar mitsitsiyar halitta ce, ido ba ya ganinta. Ki karanta yadda take rabuwa gida biyu. Gobe za ki gwada mana."

Yarinyar ta kalli hoton kawai, ta rufe littafin. A ranta ta ce, wannan ai wasa ne.

Washegari ta zo da doguwar leda cike da zoɓo. Ta tsaya gaban aji tana taƙama.

"Ledar nan ce bangon bakteriya, zoɓon kuma kayan cikinta. Ku ga yadda take rabuwa!"

Ta datse ledar da almakashi. Zoɓo ya kwarare, ya rine farin hijabinta. Aji ya kwashe da dariya.

"Kin karanta kuwa?" in ji Malama.

Ta sunkuyar da kai. "Hoton kawai na kalla, Malama."

A gida, mahaifiyarta ta ajiye mata bokiti da sabulu.

"Wanke abinki da kanki. In kin gama, ki karanta mini littafin, ni ma in ƙaru."

Sau uku ta karanta. A na ukun ta yi tsalle. "Umma, na gano! Ba ni zare!"

Ranar gasa, ta tsaya gaban alƙalai da sabuwar leda cike da zoɓo.

"Bakteriya takan fara girma," in ji ta. "Sai wani zobe ya tsuke tsakiyarta, ta gina sabon bango a wurin. Ba ta rabuwa sai bangon ya kammala."

Ta ɗaure tsakiyar ledar da zare wuri biyu, ta yanka tsakaninsu. Ko ɗigo bai zuba ba.

Wani alƙali ya ce, "In bangon bai ginu ba fa?"

"Fashewa za ta yi, Malam. Haka wasu magunguna suke kashe ta."

Aka ɗauki tafi. Durba ta zo ta ɗaya!

Malama Nuriyya ta rungume ta. "Yau kin fitar da mu kunya. Basira baiwa ce, amma sai an haɗa ta da karatu."

"Na ji a jikina, Malama," in ji yarinyar, tana murmushi.