Ƙofar Da Ta Gaza Da Yatsu Huɗu

"Wannan ce, Tegan. Shiga ki gani," in ji mijinta Brodie.

Ba ta shiga ba. Tsayawa ta yi a bakin ƙofar tirelar kwanan, irin gidan nan da mota ke ja, ta ciro jan zaren ulu daga jakarta. Tun safe suke yawo a filin dillalin tireloli na garin Toowoomba, kowace ƙofa sai ta gwada ta da zaren, har dillalin ya gaji ya koma inuwa.

Tsawon zaren daidai faɗin keken guragu na mahaifiyarta, Mama Narelle, ne. Tegan ce ta yanko shi daga ɗan ƙullin da Mama ke saƙa wa jikokinta hula.

Brodie kanikancin injinan girbi yake yi. Alkama na nuna sai ya bi ta gona gona har kudu, wata bakwai ba ya gida. Shekara shida ke nan, aure ya koma na waya. Shi ya sa suka ce bana tare za su tafi, da yaransu mata biyu, da Mama. Haka dai Tegan ta ɗauka.

Ta shimfiɗa zaren. Ya zarce ƙofar da yatsu huɗu.

"Ba ta yi ba. Mu koma wa mai faɗin can."

"Waccan ta fi ƙarfin motata, kin sani."

"To mu haƙura sai baɗi."

"Baɗi..." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Bara ma haka kika ce. Piper fa ɓuya take yi bayanki in na dawo. 'Yata, Tegan."

Ta leƙa ciki. Gado babba, ƙananan gadaje biyu ɗaya bisa ɗaya. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Ina na Mama?"

Ya sunkuyar da kai. Namiji in ya fara kallon takalminsa, to an riga an gama magana a bayanka.

"Masoyiyata, saurare ni..."

"Kar ka masoyiyata ni. Ina gadon uwata?"

"Ita ta zaɓi wannan. Hotuna na kai mata, ta sa na karanto mata awon kowace ƙofa. Ta ce in ɗauki wadda kekenta ba zai shiga ba, in ba haka ba har ta mutu ba za ki bi mijinki ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ta sa hannu a gidan kula da tsofaffi. Ranar Litinin za ta koma."

"Kana kallona tun safe ina gwada ƙofofi kamar mahaukaciya?"

"Na rasa ta inda zan fara."

Tana sonsa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da ba ta sonsa da ta jefe shi da makullin mota ta wuce. Sai ta sa hannu a takardar sayen tirelar, hawaye na ɗiga. Suka ja tirelar zuwa gida.

A baranda suka tarar da Mama, saƙarta a cinya. Ta ƙare wa tirelar kallo, ta gyaɗa kai.

"Ta yi kyau. Yaran za su ji daɗi."

Tegan ta durƙusa gaban keken. "Mama, me na yi miki?"

"Komai kin yi min, shi ne matsalar. Shekara shida kina juya ni a gado, mijinki na kwana a mota."

"Ni ban gaji ba..."

"Ni na gaji da kallonki." Ta miƙo hannunta. "Ba ni zarena. Hular Piper saura layi ɗaya, kuma kudu akwai sanyi."

Tegan ta damƙe shi a tafinta, ta kasa saki. Mama ce ta buɗe mata yatsun, ɗaya bayan ɗaya.