Dilkar Ƙanwar Garzali

"Ni ban da ruwan alwala, babu abin da ya taɓa hawa fuskar nan!" Haka Garzali, Bakano mai shagon atamfa a Gamboru, yake faɗa duk sanda ya zo zance wurin Fanna. Shekararsa arba'in da biyar, goshinsa duk layi-layi.

Mahaifinta Ba Ajimi kuwa ya kafe.

"Wannan ai sa'ana ne! Shi zai gaishe ni ko ni zan gaishe shi?"

Fanna ta sha kuka, amma ba ta yi masa musu ba. Shayinsa bai taɓa makara ba, sai dai kullum ta durƙusa ta ce, "Baba, halinsa za ka duba."

Garzali ya lallaɓa asibitin fata don a goge masa layin goshi. Likita ta jero masa hanyoyi: lesa, wato ƙona fata da haske, ta fi sauri, amma tana iya bar wa baƙar fata tabo, ƙananan allurai sai an yi ta maimaitawa, PRP kuma jininka za a ɗiba, a tace, a mayar maka a fuska.

"Jinina? Da allura?" Ai ko hularsa bai tsaya ɗauka ba!

Ya nausa har Khaddamari inda ba a san shi ba, ya sayi dilka, haɗin gyaran jikin amare, wurin wata tsohuwa.

"Ta ƙanwata ce, Hajiya, aure za ta yi."

Wata huɗu yana murza a ɓoye. Layin goshi bai motsa ba, amma fa ya yi sheƙi.

Ranar da Ba Ajimi ya kira shi, falo cike da dangi, ya ce, "Na bincika a kasuwa, ba wanda ka taɓa cuta. Yarinyar nan kuma ta bi ni da ladabi har na ji kunya. Na ba ka!"

Guɗa ta tashi, Fanna ta rufe fuska tana hawayen murna. 'Yan mata, ku lura, haƙuri da biyayya ne suka ci wannan yaƙi, fata ba ta ci komai ba.

Wani kawu ya ce, "Ango, wannan sheƙi fa?"

Garzali ya gyara zama. "Daga Allah ne, Kawu, haka aka haife—"

Sai gwaggon Fanna, Ya Gana, wadda ta iso daga Khaddamari da safe, ta leƙo ta ƙura masa ido.

"Af, ɗana, kai ne? Yaya ƙanwar taka? Na ga dilkata ta karɓe ta, har ga kurkum a bayan kunnenka!"