Akushin da Ba Ya Riƙe Miya

Kaji ne suka fara yi wa Najaha maraba, sun zagaye wani akushi da aka jefar a tsakar gida. Ta ajiye jakarta da ƙwallonta, ta kore su, ta ɗauka. Cikinsa santsi kamar kwalba, bakinsa a karkace, ga huda biyu da yatsa zai shige, ga kan wata ƙusa mai tsatsa a jikinsa.

Aikin Lawwali ne. Ko a duhu ta shafa za ta gane.

"Mayar min da abin nan inda kika gan shi," in ji mahaifiyarta Inna Baiwa daga bakin murhu, babu ko sannu da zuwa.

"Inna, me ya faru?"

"An mayar musu da kayansu. Wannan ne kawai aka manta."

Najaha tana shekara ta biyu a jami'a a Damagaram, ita ce kuma mafi tsawo a ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan mata. Suna Yamai wajen gasar jami'o'i dangin Lawwali suka kawo kayan neman aurenta. A can sun sha kashi, a nan kuma ga abin da ta tarar.

Shi Lawwali masassaƙi ne a bayan tashar Matameye. Yana da inji mai juya itace, ya kara masa ƙarfe mai kaifi har ya fitar da ƙafar gado ko ta kujera. Da wannan yake cin abinci. Amma in aiki ya lafa sai ya ɗauko kututturen da gara ta ci, ko wanda ya tsage, ya sassaƙa abin da babu mai saye. Mutanen tasha sun daɗe da yanke hukuncin cewa yaron kirki ne, sai dai da ɗan motsi a kansa. Najaha kaɗai ke tsayawa ta kalli tarkacen nan har ta manta abin da aka aike ta, ta nan kuma soyayyar ta shigo.

Sauran labarin ta ji shi a bakin Sakina, 'yar Baffa Shekara ƙanen mahaifinta, wadda ta ba da shi da fuskar tausayi da muryar mai jin daɗi. Wai ana buɗe kaya a gaban mata sai ga akushin a naɗe cikin sabon zane. Matan suka kalli juna. Sai wata ta ce ai wannan saƙo ne, yarinyar da ke tsalle da wando a gaban maza ita ake kwatantawa da mazubi mai huda. Sakina ba ta faɗi ko wace ce ta yi maganar ba. Najaha ma ba ta tambaya ba, don ta san wadda ta shekara tana kai wa Lawwali gyaran kujerar da ba ta karye ba, ga ta nan a gabanta.

Baffa Shekara, wanda shi ne waliyyi tun rasuwar mahaifin Najaha, ya ce ba a taɓa yi wa gidansu irin wannan cin fuska ba. Magana ta mutu.

Najaha ba ta yi kuka ba. Ta sa akushin cikin hijabi ta nufi bayan tasha.

Ta same shi a tsaye, inji na kuka, garin itace ya yi masa furfurar ƙarya. Ya rame, ita kuwa haushinsa take ji sosai, ramar ma ta ƙara mata.

Ta dangwarar da akushin a gabansa. Ya kashe injin.

"Najahata..."

"Kada ka kira ni haka. Wane mai hankali ne ke aika wa surukai wannan?"

Ya ce ba surukai ya aika wa ba. Gwaggonsa ya ba, ya ce ta damƙa mata hannu da hannu, ita kuma da ta ga zanen sabo ne sai ta cusa shi cikin kaya. Ya je ya yi bayani, Baffa ya hana shi wuce zaure. Ya kira salularta kuwa ya fi a ƙirga, tana kashe, don mai horar da su karɓe wayoyi yake yi lokacin gasa.

"To ni ɗin ma me zan yi da shi? Ko goro ba zai riƙe ba."

"Duba ƙusar."

Ta duba. A lanƙwashe take, kanta ya kwanta cikin itacen, itacen ya girma ya rufe rabinta.

"Dogon yaron ƙofar gidanku," in ji shi. "Wanda iska ta kayar bara. Masu faskare na iske suna shirin mayar da shi itacen wuta, na roƙi wannan gaɓar. Ƙusoshi biyu sun fita, su suka bar hudar nan, ta ukun ta ƙi. Ƙarafana biyu ta karya, sai na bi gefenta da hannu na bar ta."

Najaha ta nemi wuri ta zauna a kan wani kututture.

A jikin wannan bishiyar mahaifinta ya kafa mata ƙarfen tayar keke tana 'yar firamare, ya ce ta jefa ƙwallo ciki ya gani. Duk abin da ta iya a nan ta koye shi, yana zaune a tabarma yana gyara mata da baki, shi da bai taɓa riƙe ƙwallo ba. Da bishiyar ta faɗi tana Damagaram, ta dawo ta tarar da fili, ba ta kuma ce wa kowa komai ba. Ashe wani ya lura.

"Ka iya sassaƙa, Lawwali," ta ce a hankali, "amma wallahi ba ka iya aike ba."

"Na sani."

Ta ɗauki akushin ta fita. Sai da ta kai bakin hanya ta share idonta.

A gida ta tarar da Inna na tankaɗe, Sakina na taya ta da surutu. Najaha ta durƙusa ta ɗora akushin a cinyar mahaifiyarta. Ba ta yi dogon bayani ba, sunan bishiyar kawai ta faɗa.

Inna ta ɗaga hannu za ta ture shi, yatsanta ya faɗa kan ƙusar. Ya tsaya a nan.

Ta yi ta shafa kan ƙusar, har Sakina ta fara gyara zama.

"Ni na sa marigayi ya lanƙwasa ta," in ji Inna, kamar da akushin take magana. "Yana bisa turmi yana bugawa, ina ƙasa ina masa faɗa, wai me 'ya mace za ta yi da wannan. Ya waiwayo zai ba ni amsa, ya sauke guduma a kan babban yatsansa. Farcen bai sake fitowa daidai ba har ya koma ga Allah."

Ta sa gefen zanenta ta goge kashin kajin da ke jikin akushin. Ta goge, ta sake gogewa.

"Inna, ai dai hudar..." Sakina ta fara.

"Tashi ki kira min babanki. Ki ce ya zo da hularsa, gidan su Lawwali za shi."

Sakina ta fita tana jan takalmi kamar an ɗaura masa dutse.

Najaha ta ji kamar ta yi tsalle, amma ta san tsalle ne ya jawo mata rabin maganar, don haka ta zauna. Ta miƙa hannu za ta karɓi kayanta. Inna ta janye shi, ta rungume a ƙirji, ta miƙe ta nufi ɗakinta.

"Inna, nawa ne fa... ni ya yi wa."

Inna ba ta ko waiwayo ba.

"Ki ce ya sassaƙa miki wani. Wannan na mijina ne."