Isa Ba Ya Cikin Kwamfuta

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Safwan na aikin dare a ɗakin kati na wani asibiti a Ƙaura. Sabuwar kwamfutarsu ba ta gano sunan da bai kai harafi huɗu ba. Shi bai sani ba.

Wani saurayi ya shigo ba sallama, sanyi na biye da shi.

"Malam, duba min Isa."

Safwan ya buga sunan. "Babu."

"Haka ka ce ma innata ranar da motar Shinkafi ta kife. Tana gida tana jirana." Muryarsa ba fushi. "A ce mata ta taho a yi min sutura. Ɗakin ajiye gawa da sanyi."

Safwan ya dubi ƙasa. A babban yatsan ƙafar saurayin an ɗaura 'yar takarda da zare. An rubuta: Isa.