Garin Kawu

"To ka ce min wannan ba kai ba ne."

Ta miƙo wayar har ta kusa taɓa masa hanci. Shi ne kuwa. Ga shi tsaye a kan gada cikin jibgegiyar rigar sanyi, ya ɗaga yatsu biyu yana dariya. Da safe ya tura hoton a gurup ɗin dangi, har ya rubuta a ƙasa cewa jirgin ƙasan yamma za su bi su koma makaranta.

Auta ya dube ta, ya dubi abokan karatunsa da suka riga suka shige taragu suna leƙensa ta taga. Ya ce shi fa bai san ta ba.

"Ina za ka san ni? Daga gadar nan zuwa shagon babana, ko shayi ba zai huce ba. Ka zo garinmu ka gaida gada, ka gaida agogon kasuwa, ka tsallake kawunka."

Sai a lokacin ya gane. 'Yar Kawu ce. Kawu yayan Umma ne. Ya zo ƙasar nan karatu tun kafin a haifi Auta, bai sake komawa ba, ko jana'izar mahaifinsu bai je ba. A gidansu Auta ba a cika ambatonsa ba. In an ambace shi, Umma takan tashi ta shiga kicin.

Ya ce tafiyar makaranta ce, ba shi da lokaci. Ta ce ita ba ta zo neman hujja ba. Tun da tsohon ya ga hoton ya je ya yi aski, ya sa aka share falo, mota ta tsaya a layin sai ya leƙo.

Jirgin ya yi ƙara. Auta bai motsa ba. Yana kallo taragun suka wuce da abokansa.

Shagon wanki da guga ne, matsattse, ko'ina tururi da ƙamshin sabulu. Riguna jere a cikin leda, sai mutum ya sunkuya yake wucewa. Kawu ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Ya ce goshin Umma ne sak. Daga nan ya koma kan teburin guga, ya fara tambaya ba tare da ya ɗago ba.

Bishiyar mangwaron tsakar gida tana nan? An sare ta. Telan bakin layi fa? Ya rasu. Rijiyar? An cike ta, an yi ɗaki a wurin.

Kawu ya ce to. Hannun riga ɗaya yake ta gogewa, ya juya shi, ya sake gogewa.

Daga ranar, duk hutun da aka samu Auta jirgin garin Kawu yake hawa. Ya faɗa wa Umma a waya. Ta ce zumunci ai babu laifi, ta sako wata magana.

Abin da ya ba shi mamaki, yarinyar nan a garin aka haife ta amma ba ta taɓa hawa hasumiyarsa ba. Ba ta taɓa shiga gidan tarihi ba. Kwalekwalen da baƙi ke bin layi su hau, daga tagar bas kawai take ganinsa.

"Mu aiki muke yi a garin nan," in ji ta. "Kallo sai baƙi."

Shi ya riƙa janta. Da ta ɓatar da su a hanyar lambun dabbobi suka ɓulle bayan wani garejin motoci, ya sa mata suna Jagora. Ita kuma ta sa masa Mai Yawo. Kawu ya ce taubasai ne, su cinye kansu, muddin a dawo kafin a rufe shago.

Ranar da suka hau hasumiya iska tana kaɗawa. Gari duk yana ƙarƙashinsu, kogi, rufin gidaje, layin dogo. Mutane suna ta ɗaukar hoto. Ita ta juya wa garin baya ta jingina da ƙarfe, ta ce ya ba ta labarin gidan kakanninsu. Ƙofar ina take kallo? Da gaske ne babanta ya taɓa faɗowa daga katanga? In an yi ruwa, ta ina yake fita?

Auta bai taɓa ɗaukar gidan a bakin komai ba. Yana can, ƙosawa ya yi ya bar shi. Yanzu ga shi yana kwatanta mata tsagewar simintin baranda, da ƙarar ƙyauren ɗakin Umma, da inda rana take sauka da la'asar. Yana cikin magana ya juya yana kallon kogi. Ta yi kamar ba ta lura ba. Ta cire safar hannunta guda ta ba shi, wai ya rufe hannu ɗaya, ɗayan ya ji da kansa.

A jirgin komawa saƙonta ya shigo.

"Mai Yawo, ka tafi min da safa. Kar ka dawo da ita ta hannun kowa. Ka kawo da kanka."

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa.

"Jagora, ke kaɗai kika taɓa ɓatar da ni ban ji haushi ba."

Akwai wani mai shagon tabarau a layin, mai mota, mai fara'a. Kullum sai ya kawo wanki. Auta ya lura rigunan nasa ko datti babu. Ya yi kwanaki yana cin magani, yana amsa mata da kalma ɗaiɗai. Da ta gaji ta ce masa mutumin ya riga ya yi wa Kawu magana, ita kuma ta riga ta ba da amsa. In yana son jin amsar, ya duba ko ya sake ganin rigunan a shago. Ya bi layin ledojin nan kaf. Babu ko ɗaya.

Da hutu ya ƙare ya kira Umma ya faɗa mata 'yar Kawu yake so ya aura. Ta ce:

"Ƙasar can ta cinye min wa. Ba za ta cinye min ɗa ba."

Ya ce shi zai dawo. Ta ce babu wanda yake tafiya da niyyar zama. Da mace ake farawa, sai shago, sai 'ya'ya, sai a wayi gari mutum yana tambayar bishiyar da aka sare. Ta ce ba yarinyar take ƙi ba, ba ta ma san ta ba. Ɗanta take so ya dawo ya binne ta.

Auta bai iya musu da Umma ba, bai taɓa iyawa ba. Hutu na gaba ya bi abokansa bakin teku. Ya zauna a kan yashi da rigarsa, bai ɗauki hoto ko ɗaya ba.

"Baba ya goge zanin gadonka," ta rubuto. "Na ce masa jarabawa ce ta riƙe ka. Ni kuma me zan ce wa kaina?"

Ya faɗa mata gaskiya, bai rage komai ba. Ba ta ba da amsa ba. Sati ya wuce, wani ya bi shi.

Yana ɗakin karatu wayarsa ta motsa. Hoto ne a gurup ɗin dangi. Wata ce tsaye da akwati a gaban wata koriyar ƙofa mai tsatsa a ƙasa. Ƙofar gidansu. A ƙasa ta rubuta: "Na zo yawon buɗe ido. Ban ɓata ba."

Sauran labarin a waya ya riƙa jin sa, guntu-guntu. Umma ba ta da yadda za ta kori 'yar yayanta. Ta ba ta ɗaki, ta ɗaure fuska. Yarinyar ta bi gidan lungu-lungu tana shafa bango, ta nuna wurin da rijiya take tun kafin a nuna mata. Ta zauna a baranda ta ce, "Gwaggo, ashe nan ranar take sauka." Umma ta shiga kicin ta daɗe.

Bayan kwanaki Umma da kanta ta kira shi. Ta ce yarinyar nan tana ninke kaya kamar za a sayar, ta hana ta taɓa ko tsumma. Ta ce tafiyarta irin ta marigayiya kakarsu ce. Sannan ta ce:

"In ubanta yana son ba da ita, ya zo nan ya ba da ita. Ba ta waya ba."

Kawu ya rufe shagon, karon farko tun da ya buɗe shi. Tare suka hau jirgin sama da Auta. Duk hanya bai ci komai ba. Da suka isa ƙofar gidan ya tsaya, ya kasa shiga, sai da Umma ta fito. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Yaya, ka tsufa." Ya ce, "Ke ma." Ta riƙe bakin rigarsa kamar ƙaramar yarinya, ta ja shi ciki.

A tsakar gidan aka ɗaura auren, daidai inda mangwaron yake a da. Kawu ya yi ta gaisawa da mutanen da yake kira da sunan iyayensu. Umma ta haɗa hannun ango da amarya cikin nata, ta ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya, ya sa su ga jikokinsu. Jagora ta sunkuyar da kai tana hawaye. Auta ya raɗa mata cewa amarya ba ta ɓata kwalliya. Ta taka masa ƙafa.

Akwai sauran zangon karatu a gabansa, shagon Kawu ma yana jira. Ranar tafiya an jera akwatuna a baranda, direba yana ta danna hon a waje. Auta ya koma ɗakinsa ɗauko caja, amarya tana biye da shi, Kawu ya tsaya a bakin ƙofa. Suka tarar da Umma zaune a gefen gado tana gyara matashi da ba ya bukatar gyara. Ba ta dubi kowa ba.

"Ɗakin nan naka, Auta. In bar shi yadda yake ne, ko in zuba kaya a ciki?"